Ranar da Lamba Biyar Ya Tashi Daga Benci

Lahadi shida a jere Safdar yana ɗaura kushin ƙwauri, ya zura safar hannu, ya ɗora hular kwano a gwiwa, ya zauna a rumfar 'yan wasa yana jira. Lahadi shida a jere kuma yana kwance kayan nan da yamma, sandarsa ko ƙanshin ƙwallo ba ta ji ba. Shi ne mai lamba biyar a wata ƙaramar ƙungiyar kurket, wasan doka ƙwallo da sanda, ta Kowloon a Hong Kong, wato sai an fitar da mutum uku kafin layi ya zo kansa. Matsalarsa kuwa Rai da Limbu ne, 'yan Nepal biyu masu buɗe wasa, waɗanda bana suka ƙi fita ƙememe. Su shiga, su cinye wasa, su dawo suna tambayar ina shinkafar biryani.

Ba don Wing-yan ba, da ya ci gaba da haƙurinsa. Ita ce mai karɓar baƙi a wani asibitin haƙori, hawa na goma sha tara a unguwar Mong Kok. Tun ranar da ya je gyara musu lif ya ga murmushinta, lif ɗin nan bai sake lafiya ba. Kowane mako sai Safdar ya jiyo masa wata ƙara da ba kunnen da ke jin ta sai nasa. Ran nan ta tambaye shi me yake yi ranar hutu, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Kurket nake bugawa, Ah Yan. In komai ya rushe, ni ake turawa in gyara."

"To zan zo in gani," in ji ta. "Amma ƙarfe huɗu zan tafi. Kakata na cika shekara tamanin a tsibirin Cheung Chau. In jirgin ruwa ya tafi ya bar ni, ta cire ni daga dangi."

Ta kuwa zo, da lema ruwan ɗorawa da kwalin kek ɗin ƙwai, ta zauna can ƙarshen benci. Duk lokacin da Safdar ya saci kallonta sai ya ji kamar igiyar lif ce ta tsinke a ƙirjinsa. Maki ɗari da arba'in ake nema. Kafin ƙarfe uku Rai da Limbu sun tara casa'in, ko gumi ba su yi ba.

A rumfar nan akwai dokar da ta fi ta alƙalin wasa ƙarfi: in mutum biyu suna bugu lafiya, ba mai motsawa daga inda yake zaune. Wanda ya tashi, shi ya fitar da su. Kyaftin Baffa Liaqat, tsohon direban tasi mai jan gemun lalle, shi ke tsaron dokar, kuma shi ya karanta wa Wing-yan ita tun kafin ta gama zama.

"Wani ya taɓa tashi amsa waya, 'yata, mutum huɗu suka zube. Yanzu ƙwallon tebur yake bugawa."

Da yake ba halin tashi, sai baki ya yi ta aiki. Baffa da Mista Dhillon, dattijon da ke rubuta maki, suka ɗauko gardamarsu ta kullum: wane ne gwanin lamba biyar da ƙungiya ta taɓa yi.

"Marigayi Nazakat," in ji Baffa. "Awa uku a fili, maki goma sha ɗaya. Mai jifa ya zauna a ƙasa ya yi kuka da hawaye."

"Kai, raba ni da Nazakat! Mutumin da tantabara ta sauka a kansa ta huta? Thapa ne lamba biyar. In gida na ci da wuta ya kashe, in an bar masa abinci a dafe ya cinye har da tukunyar."

"Thapa da ya yi gudu ya bar wandonsa a tsakiyar fili?"

"Ya ci makin ko bai ci ba?"

Wing-yan ta leƙo ta ƙarƙashin lema. "Safdar fa?"

 Baffa ya shafa gemu.

"Safdar, wajen iya zama dai, ba a taɓa yin kamarsa ba."

Aka kwashe da dariya, kowa na riƙe cikinsa don kada ya motsa. Safdar ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi. Ya dubi agogo: uku da minti biyar. Minti hamsin da biyar suka rage tsakaninsa da zama maƙaryaci a idon mace ɗaya tilo da ta taɓa tambayarsa me yake yi ranar hutu. Sai wani mugun tunani ya zo masa.

Ya fara da ɗora ƙafa kan ƙafa. Rai ya doka ƙwallo ta wuce iyaka. Ya ɗan muskuta taki ɗaya. Limbu ya ƙara huɗu. Sai ya yi istigfari a zuci, ya miƙe tsaye ƙiƙam, ya taka kamar agwagwa cikin kushinsa har ƙarshen benci.

"Ah Yan, ɗan ba ni kek ɗaya."

"Zauna!" Baffa ya daka tsawa. "Zauna, ɗan..."

Ƙwas! Ƙwallo ta doki turakun da Rai ke karewa a bayansa, suka tashi sama, ya fita. Mai lamba uku ya shiga, jifar farko ya ɗaga ƙwallo ta faɗa hannun mutum kamar an aike ta. Limbu kuma ya tsaya tsakiyar gudu yana hangen rumfa don ya ga wane la'ananne ne ya motsa, aka fitar da shi a tsaye. Cikin minti shida, mutum uku. Safdar na tsaye da kek a baki.

Baffa ya damƙi wuyan rigarsa. "Kai ka kunna, kai za ka kashe. Bayanka duk masu jifa ne, ba su san kan sanda daga gindinta ba. Ka tare, ka sake tarewa, in ka ga hanya ka ɗauki ɗaya. Ka ɗaga ƙwallon nan sama, wallahi mahaifinka zan kira."

Ba haka ya yi mafarkin abin ba. A mafarkinsa ƙwallo kan tashi ta keta sararin Kowloon, ta gifta benaye, ta sauko a hankali daidai ƙafar Wing-yan. Jifar farko kuwa ta zo masa a sanyaye, mai daɗi, tana roƙon a doke ta. Kafaɗarsa ta ɗaga. Sai ya hango mai lamba huɗu a ɗaya ɓangaren, duk ya tsorata. Ya sauke sanda. Tak. Ƙwallo ta mutu a gabansa.

Mai lamba huɗu bai daɗe ba ya bi sahun sauran. Tak. Tak. Ɗaya. Tak. Mai tsaron bayan turaku na abokan hamayya ya fara gajiya.

"Ɗan'uwa, a kawo maka katifa ne? Ko filo kawai?"

 Safdar bai yarda ya dubi rumfa ba, don ya san abin da zai gani. Huɗu saura kwata. Huɗu saura biyar. Da agogon makarantar da ke bayan fili ya buga huɗu, sai ya ji duniya ta yi masa faɗi. Ya gan ta a zuci kan jirgin ruwa, iska na wasa da gashinta, tana ba danginta labarin wani mai gyaran lif da ya tsaya a rana kamar an dasa shi. Ya gan ta ta auri likitan haƙori. Ya ga har 'ya'yansu, haƙoransu reras. Hawaye ya gangaro cikin hular kwano, ya tare jifa ta gaba. Tak.

Biyar saura minti ashirin, saura maki huɗu a ci wasa, shi yana da goma sha tara. Ya ce a ransa bari ya dubi gurbin da ta bari, ko sau ɗaya, ya yi ban kwana.

Ga lema ruwan ɗorawa nan, a karkace yadda take tun ɗazu. Ga Wing-yan a ƙarƙashinta, ta sandare, rabin kek a hannu, tsakanin kwali da baki.

Zuciyarsa ta yi tsalle. Hannunsa ya ɗaga da kansa yana gaishe ta. Ƙwas!

Turakunsa sun zube, an fitar da shi. Tun kafin ya iso rumfa yake jiyo muryarta.

"Ni ban motsa ba! Awa ɗaya da rabi! Wayata ta yi ƙara sau goma sha ɗaya ban taɓa ta ba! Baffan nan ne ya yi atishawa!"

"Atishawa ba motsi ba ce, 'yata!"

"Motsi ce," in ji Mista Dhillon, bai ko ɗago daga littafinsa ba. "In gemu ya kaɗa, motsi ne."

Ta juyo kan Safdar, idonta ya kaɗa don haushi. "Aikin naka ke nan? Tak, tak?"

"Shi ke nan," ya ce a hankali.

"Na ɗauka zan mutu duk lokacin da mai jifar nan ya rugo." Ta yunƙura za ta miƙe, ƙafarta ta ƙi, ta cafki damtsensa. "Ƙafar ta yi barci. Akwai wani jirgin kafin shida. Kai za ka yi wa kakata bayani, da bakinka, kuma da kayan nan a jikinka don ta yarda."

"Kada kowa ya motsa!" Baffa ya yi ruri. "Saura huɗu!"

Suka daskare a haka, ita rabi a tsaye, hannunta biyu a damtsensa, lema na tokarinsa a kunne. A fili wani cikin masu jifarsu da bai san kan sanda ba ya maye gurbin Safdar, yana gyara tsayuwa. Safdar ya lumshe ido, ya roƙi Allah da dukan zuciyarsa ya sa mutumin nan ya ɗauki makin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba gaggawa.