Turaren da Inna Ba Ta Sani Ba

Muntaka masinjan Bature Di'o ne, kuma duk Tudun Wada an sani, don shi da kansa yake bi yana faɗa. Ana gobe zai hau jirgi zuwa Kaduna, sai ya shafa turaren da Baturen ya ba shi, ɗan ragowar ƙasan kwalba, ya nufi gida neman albarkar tsohuwarsa.

Tun a zaure ya tsare ƙanwarsa Zinatu da bayani. "Da farko lemun tsami za ki ji, sai itace, can wajen la'asar sai fatar sirdi. Na manya ne."

"Fatar sirdi kam ga ta can rataye a barga, Yaya," in ji ta.

Inna Ishatu ba ta gani, da hanci take gane 'ya'yanta. Ya durƙusa zai gaishe ta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Zinatu, wa ya shigo mini da Nasara har ɗaka?"

"Ni ne, Inna, Muntaka!"

"Har Hausa ya iya."

Ya dirje wuya da sabulun salo, turare ya ƙi fita. Dama an ce masa wuni yake a jiki. Sai Zinatu ta zaunar da shi gaban murhu, ta miƙa masa mafici, ya yi ta fifita ɗanyen itace ƙarƙashin miyar kuka mai daddawa, ido na ruwa.

Da ya koma, Inna ta shinshina, ta dafa kansa. "Yauwa, ɗana. Allah ya kai ka lafiya. Ka kiyayi Turawan nan, ɗazu wani ya zo da muryarka."