Kofin Kaka Dilsey

"A kira mini mai gidan nan, ko in zauna a bakin ƙofa har a tashi!"

Lemuel yana wanke kabarin marmara na tsohon Shugaban ƙasa da sabulu ya jiyo muryar, nan take soso ya suɓuce masa. Gwaggo Mozelle ce, yayar mahaifinsa. Ta kusa tamanin, ba ta taɓa zama a aji ba, kuma kaf garin nan na Virginia babu wanda bai san bakinta ba.

Ya tarar da ita a gaban ɗakin sayen tikiti, ta tsaya ƙiƙam da hular zuwa coci. A gefe, mai zagayawa da baƙi yana ta zuba: yadda Shugaba ya riƙe ƙasa tun tana rarrafe, yadda ya sauka daga mulki ba wanda ya kore shi.

"Ka faɗa musu wa ke dafa masa abinci yana can yana riƙon ƙasar," in ji Gwaggo. "Ko shi ma marmara ya ci?"

Madam Prewitt, manajar gidan tarihin, ta fito da murmushinta na aiki.

"Yi haƙuri, Mama, mu shiga ofis..."

"Ni ban haife ki ba. Wane ɗan iska ne ya share dajin bayan gida?"

 A dajin nan aka binne bayin Shugaba, ba suna, ba dutse. Shaidar kawai ita ce abin da dangi ke ajiyewa: kofi ko farantin da mamaci ya ci abinci da shi, a fasa shi a kan kabarin. Makon jiya aka ce a gyara wurin, za a kafa rumfunan bikin zagayowar haihuwar Shugaba. Lemuel ne ya ja manjagara. Ya ga fasassun tangaran, ya kuwa san mene ne, don yana yaro Gwaggo ta sha jan kunnensa zuwa wurin. Sai ya ce wa ransa aiki aka sa shi, ya ɗura a buhu, motar shara ta tafi da su.

"Ina son sunan wanda ya share," in ji Gwaggo. "A kore shi ina kallo."

Madam Prewitt ta saci kallon Lemuel, ta kawar da ido. "Wasu 'yan kwangila ne daga waje. Mun yi nadama ƙwarai. Za mu kafa allon tunawa da su."

"Allo! Kakar kakata Dilsey ta yi wa mutumin nan wanki har ta makance, ki ce mini allo? Kai, Lemuel, ƙaton banza, ka tsaya kamar an dasa ka. Riƙe ni mu je."

Dajin ya yi fes kamar tsakar gida. Gwaggo ta yi gabas, ta dawo, ta dudduba itatuwa.  Lemuel bai taɓa ganin ta rasa hanya ba sai yau.

"Nan ne, ina jin," ta ce a hankali. Ta zaro wani farin kofi daga jakarta. "Ba nata ba ne, amma a gidanmu ya tsufa. Ta yi haƙuri."

Ba nan ba ne. Lemuel ya sani, don da hannunsa ya kwashi shuɗin farantin Dilsey, can gindin kututture, har gefensa ya yanke shi a yatsa. In ya yi shiru, aikinsa na nan, Gwaggo za ta ci gaba da ajiye masa naman kaza ranar Lahadi, 'ya'ya da jikoki kuma su yi ta gaida ƙasar da babu kowa a ciki.

Ta ɗaga kofin.

"Gwaggo." Lemuel ya matso kusa da ita. "Ba nan ba ne. Can ne, jikin kututturen."

Hannunta ya tsaya a sama.

"Kai da rabonka da wurin nan tun kana fitsarin kwance, ina ka sani?"

 Ta dube shi daga takalmin aiki har hula, ta daɗe tana dubansa. Ya jira zagi, har addu'a yake ta zage shi.

Sai ta miƙa masa kofin.

"Ungo. Je ka durƙusa ka fasa. Ka kuma gaya mata sunanka da na ubanka, ta san ko wa ke magana."