Tsokar da Sallau Ya Soya wa Hansai

Jiya da rana tsaka Sallau direban tifa ya yi wani mafarki, a zaune a gindin murhu, da cokali a hannunsa.

Abin da ya kai shi gindin murhun kuwa matarsa ce, Hansai. Tun da zazzaɓi ya sake ta abinci ya fita mata a rai. In an kai mata kunu sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture, har zoben hannunta ya fara zamewa. Likita ya ce magani ya gama nasa aikin, saura ci. Sallau ya tsorata ƙwarai, sai dai shi irin mutanen nan ne da in tsoro ya kama su sai su ƙara cika baki. Ya ga wani ƙato a waya yana soya tsoka guda shimfiɗeɗɗiya da man shanu da ɗanyen ganye, nan take ya bugi ƙirji ya ce wanda ya taɓa saukowa da tifa cike da yashi daga gangare ba birki, ai suyar nama ba za ta gagare shi ba. Mutumin da ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba!

Ya sayo tsokar bayan ya sha fama da mahauci, wanda hannunsa ke ta ƙaiƙayin ya yayyanka ta gutsu-gutsu kamar ta miya. Ya tsinko ganye a tsofaffin bokitan da Hansai ke shuka a bayan ɗaki, ya soya. Ƙaton cikin waya ya ce a bar nama ya huta kafin a yanka, sai Sallau ya sa shi a faranti ya rufe da faifai, ya ce to, shi ma bari ya ɗan jingina da bango.

Sai ga shi a tsakar gidansa. Gidan nasa ne, ba shakka, sai dai wuta tana ci a saman kasko, hayaƙi kuma yana gangarowa ƙasa yana bin kwata. Kaji sun zauna a kan kujeru suna watsa wa yara hatsi. Sallau bai yi mamaki ba, ya dai gaishe su. Da ya buɗe faifai ya tarar tsokar ta koma ɗanya, sai ya naɗe hannun riga ya ce ba komai, wanda ya yi sau ɗaya ai ya zama gwani.

Ya je bayan ɗaki tsinko ganye. Yana miƙa hannu sai ganyen bokitin farko ya kauce.

"Bawan Allah, ba sallama?"

"Salamu alaikum. Ni ne maigidan."

"Maigidan wa? Mu Hansai muka sani. Ita ke ba mu ruwa. Kai ko sunana ka sani?"

Sallau ya dube shi sama da ƙasa, ya ce da ƙarfin hali, "Alayyahu."

Duka bokitan suka kwashe da dariya, har ƙasa na zubowa. Ganyen ya ce shi daddoya ne, wancan mai ƙananan ganye na'ana'a, dogon can kuwa lawashi, kuma ba sa bin baƙo. Sallau ya ce su ji da kyau, uwar ɗakinsu ce ba ta cin abinci, in ba ta ci ba kuwa ba mai tashi ya ba su ruwa, shi kam ba alkawari zai yi musu ba. Can daddoya ya tsinke kansa da kansa ya hau tafin hannun Sallau, sauran suka biyo baya a layi.

Da ya dawo gindin murhu ya tarar da wani farin bijimin sa zaune a kan turmi, ya sha babbar riga da tabarau, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Wannan daga bayana aka ciro," in ji san. "Na zo in ga yadda za a yi da ni."

"Ranka ya daɗe, ka zo hannun da ya dace."

Ya barbaɗa gishiri da masoro, suka tashi sama suka sauko a inda ya kamata. Ya bari kaskon ya yi zafi sosai, sannan ya shimfiɗa tsokar, ta yi cuu. San ya gyara tabarau.

"Kada ka yi ta juya ni. Ba waina ba ce."

"Na sani."

Bai sani ba, amma ya janye hannunsa. Da gefe guda ya yi ja ya juya, ya jefa man shanu da dakakkiyar tafarnuwa, ganyayen suka yi bismilla suka faɗa ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya karkata kaskon yana ɗibar man da cokali yana yi wa tsokar wanka, man yana kumfa, daddoya na ƙara masa kwatance daga ciki. San ya ce a ƙasashen waje akan bar ɗan jini a tsakiya. Sallau ya ce wannan can, a gidansa ba a ba marar lafiya jini, sai ta dahu har zuci. San ya ce shi ma dama haka ya fi so, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita ta bango.

Tsokar ta ce ta gaji. Aka shimfiɗa mata katifa a faranti, ta kwanta, Sallau yana yi mata fifita.

A nan ne ƙamshi ya fito. Wani dogon mutum ne siriri, sanye da koriyar jamfa, ya miƙe daga cikin farantin ya yi miƙa, ya zura takalman Sallau ya nufi ƙofa.

"Ina za ka?"

"Gayyata. Aikina ke nan."

Kafin Sallau ya ce wani abu, farantin ya fito da ƙafafu huɗu, ya sauka daga kan murhu ya bi bayansa da sassarfa. Ba laifin farantin ba ne, a gaskiya. Tun da aka kawo Hansai gidan, duk kwanon da aka zuba wa abin kirki ƙofar gida yake fara zuwa, inda Sallau da maƙwabta ke ciyayya a kan dakali. Abin da ya rage shi ke dawowa ciki, shi kuma Hansai ke ci a tsaye tana wanke-wanke. Farantin hanyar da ya sani ya bi.

Sallau ya bi shi a guje ba takalmi, sai dai a wannan ƙasa in ka yi gudu baya kake komawa. Da ya gane haka sai ya tsaya cak, nan da nan ya iso.

Dakalin ya yi tsawo har ba a ganin ƙarshensa, maza sun jeru a kai, kowa ya wanke hancinsa ya zauna. A gaba akwai Malam Jibo, maƙwabcinsa na jikin katanga, mutumin kirki wanda bai taɓa makara a lokacin cin abinci ba. A can da hanci ake ci. Malam Jibo ya sunkuya ya ja numfashi, sai gefen tsokar ya ɓace.

"Kai, Direba! Ashe haka ka iya? Wannan daddoya ce nake ji?"

"Ita ce," in ji Sallau, kansa ya fara kumbura. "Da na'ana'a kaɗan. Sirrin a wutar yake."

Na kusa da shi ya shaƙa, wani gefen ya tafi. Na gaba ya ce a miƙo. Sallau yana tsaye yana bayanin yadda ake karkata kasko, ana ta yaba masa, yabon na shigarsa har ƙashi. Sai da ya kai ga bayanin man shanu ya duba ƙasa, ya ga tsokar da ta cika faranti ta koma kamar kwalin ashana. Ya tuna zoben da ke zamewa a yatsan Hansai, ya ji tsoron da yake ta rufewa da surutu ya taso masa gaba ɗaya.

Ya cafke farantin. Farantin ya turje, yana harbin iska.

"Haba Direba," in ji Malam Jibo, "layin bai ko kai rabi ba. Za a ce ka yi rowa."

"A ce."

"Za a faɗa a masallaci."

"A sa lasifika."

Ya danne farantin a ƙirji, ya kifa hularsa a kai, ya sa giyar baya. Da bakinsa yake yin ƙarar ribas, mutane na darewa. Ya ratsa soro da baya, ya ratsa tsakar gida, kaji suka ɗage ƙafafunsu ya wuce. Ɗakin Hansai ya koma can saman wani gangare, shi kuwa gangare sana'arsa ce.

Ya tarar da ita zaune a bakin gado. Ta ƙanƙance ƙwarai, har ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Ta dubi farantin ba ta miƙa hannu ba.

"Har sun gama, Malam?"

"Ba su gama ba. Ƙwatowa na yi."

"To ajiye can, in na gama wanke-wanke na ci."

Babu wani wanke-wanke a ɗakin, amma hannayenta suna ta cuɗa iska. Sallau ya durƙusa, abin da gwiwoyinsa ba su saba ba, ya ɗaga hular. Abin da ya rage bai fi loma ɗaya ba, da ɗan ganye guda manne a kai. Ya ce mata wannan ba ragowa ba ce, tun daga kasuwa da sunanta aka yanko ta. Hannayenta suka tsaya. Ta sunkuyo a hankali, ta buɗe baki, sai wani abu ya fara bugawa, ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Ya buɗe ido. Cokali na hannunsa, wuyansa ya ƙage, gawayi ya fara zama toka. Ƙyauren gidan ake bugawa. Ya yi wuf ya ɗaga faifai, ga tsokar nan cif yadda ya bar ta, da sauran ɗuminta, man shanu ya kwanta a gefe da ganye.

"Salamu alaikum! Direba!" Muryar Malam Jibo ce. "Wannan ƙamshi fa? Ga mu nan mun hallara a dakali."

Sallau ya miƙe, ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda duk layin zai ji.

"Wa alaikumus salam! Ba na nan!"

Sai ya ji wani ɗan sauti daga ɗaki wanda ya kwana biyu bai ji ba. Hansai ce ke dariya, dariyar marar ƙarfi, tana haɗawa da tari.

"Malam," ta ce, "in ba ka nan, wa zai kawo mini naman? Ni fa yunwa nake ji."

Ya ɗauki farantin da hannu biyu, ya nufi ɗaki.