Ranar da Hilda ta Bi Mu Teku

Shekara takwas ke nan ni ke shirya wa abokaina tafiyar kamun kifi a teku, kuma a shekara takwas ɗin nan ban taɓa kama ko ɗaya ba. Kowa a ƙungiyar ya sani. Mutum ɗaya ce ba ta sani ba, matata Hilda.

Shiri kam, a zagaye garinmu Rybnik kaf a kawo wanda ya fi ni. Tun watan Janairu nake buga wa Kaftin Brunon waya can Ustka, bakin teku, in kama mana Asabar ɗin farko ta watan Mayu. Ni ke neman mota, ni ke neman masauki, ni ke bin tsofaffin abokan aikina na ramin kwal ɗaya bayan ɗaya, in tuna wa wannan rigar ruwa, in tuna wa wancan maganin hawan jininsa. Amma da zarar jirgi ya wuce bakin tasha, cikina sai ya ce ba da shi ba. In gangara ƙasa, in miƙe kan bencin da ke kusa da injin, da bokiti a gefena, har a juyo gida da yamma. Ni da na yi shekara ashirin da biyar a ƙarƙashin ƙasa ko jiri ban taɓa yi ba, ruwa ya mai da ni tsumma.

In mun kusa tasha, kowa sai ya zaro kifi ɗaya daga akwatinsa ya jefa a nawa. Hilda ta soya, ta raba wa maƙwabta, ta buga wa ƙanwarta waya ta ce mijinta Alojzy dai hannunsa da albarka. A shekarar farko kunya ce ta hana ni faɗin gaskiya. Daga baya abin ya yi nisa, yabon ma ya fara yi min daɗi.

Bana, ana saura kwana biyu a tafi, ɗaya daga cikinmu, Emil, ya faɗo daga kan tsani ya karya hannu. Shi kuwa Kaftin ba ya kai mutane kan gawar wani jirgi da ya nutse can nesa, inda manyan kifayen da ake kira dorsh suke fakewa, sai sun cika goma sha biyu cif. Na zauna a kicin ina bin lambobi, kowa da uzurinsa. Hilda tana fere dankali tana ji.

"In dai mutum ɗaya ne ya rage, ai ga ni," in ji ta.

"Ke? Haba Hilda, teku fa ba tafkin bayan gari ba ce. Maza ma tana kayar da su."

"To kai da ba ta kayar da kai sai ka riƙe ni. Rubuta sunana, tsoho."

Na rubuta. Na fita bayan gida na kira Gerard, wanda muka yi shekara goma sha bakwai muna sara a rami ɗaya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai, Lojzik, kashinka ya bushe!" in ji shi, da sunan da na kusa suke kira na.

"Ka bar dariya ka ba ni shawara."

"Shawara ɗaya ce: ka tsaya da ƙafafunka. Kar ka ci komai, kar ka kalli ruwa, ka kafa ido can inda sama ta haɗu da teku. Sauran ka bar mana. Za mu kai ta gaban jirgi, mu ajiye ka a baya, ɗakin Kaftin ya raba ku."

Da safiyar Asabar aka zo jan ƙuri'ar wurin tsayuwa, kamar yadda muka saba, daga cikin hular Gerard. Ya shirya takardun tsaf. Hilda ta ja gaba, ni na ja baya. Ta duba takardarta, ta duba tawa, ta juya wajen abokinmu Teofil da ƙuri'arsa ta faɗa kusa da ni, ta girmama shi da Pan, wato Malam.

"Pan Teofil, mu yi musaya. Ni kusa da mijina zan tsaya, shi zai koya min."

Teofil ya kalli Gerard, Gerard ya kalli sama. Wa zai ce wa Hilda a'a? Matar da ta yi shekara talatin tana ciyar da yara ɗari biyu a kicin ɗin makaranta ba a yi mata gardama.

Awa uku muka yi muna tafiya. Awa ukun nan na tsaya riƙe da ƙarfen gefen jirgi, idona a can nesa, ina roƙon duk wani waliyyi da na san sunansa. Hilda kuwa ta zauna kan akwati ta buɗe jaka, tana cin burodi da tsiren alade, ƙamshin tafarnuwa yana dukan hancina.

"Ka ɗan ci mana. Fuskarka ta zama kamar kabeji."

"Ba na ci kafin a fara," na ce. "Al'adata ce."

"Haka ne, Pani Hilda," in ji Gerard da sauri, yana girmama ta da Pani, wato Malama. "Shi da yunwa yake farauta."

Da muka iso, Kaftin Brunon ya leƙo ta taga. Mutum ne mara yawan magana, in ya ce maka ina kwana to ya gama hirar ranar. Saboda baƙuwa ya daure ya yi bayani. Jirgin da ya nutse yana ƙasa, zurfin mita sittin. Zai tsaya a gabansa ya kashe inji, ruwa ya ja mu mu ratsa ta kansa. Hon ɗaya, a saki. Dalmar da ke bakin zare na taɓa ƙasa a naɗe sau uku nan take, in ba haka ba gawar jirgin ta cinye ta. Hon biyu, kowa ya janye, ko me yake ciki.

Duk wannan na san shi kamar sunana, don ta cikin katako nake jin sa kowace shekara. Aikatawar ce ban taɓa yi ba.

Hon ya yi ƙara. Muka saki. Ban gama ƙirga uku ba na ji Hilda ta yi ihu.

"Yesu Maryama! Lojzik, wani abu yana ja na!"

"To ki ja shi mana!"

Ta ja. Ta kafa ƙafa, ta ciji leɓe, tana yi wa kifin faɗa kamar yaron da ya ƙi shan miya. Dorsh ne mai tsawon hannu tun daga kafaɗa. A zagaye na biyu ta sake fito da wani. Ni kuwa dalma biyu na bar wa gawar jirgin, don duk sanda ya kamata in naɗe, cikina ne yake naɗewa.

A zagaye na uku Gerard ya matso, ya zungure ni da gwiwar hannu, yana magana ta gefen baki. "Akwai kifi a sandata. Karɓi, ba ni taka." Mun kai hannu ke nan Hilda ta juyo.

"Me kuke yi?"

"Zarenmu ne ya harɗe," in ji Gerard, ya koma wurinsa yana fito.

"Kai kuma yau lafiya?" ta ce min. "Ko idona ne ya yi maka nauyi?"

"Manya nake jira," na ce. Bakina ya cika da yawu mai ɗaci. Bencina yana can ƙasa, taku shida ne tsakanina da shi, ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so shi a lokacin ba. Amma na san in na sauka, labari ya ƙare.

Zagaye na huɗu. Na saki, na ji dalma ta taɓa, na naɗe sau uku. Sai sandar ta lanƙwashe. Na ce a raina shi ke nan, gawar ta sake ci. Sai abin da na ɗauka ƙarfe ne ya girgiza kai, sau biyu, har cikin kafaɗata.

Ban san haka ake ji ba. Shekara takwas ina ba da labarin wannan girgizar a teburin cin abinci, da bakin wasu, ashe ko kusa ban kwatanta ta ba. Na manta da cikina, na manta da Hilda. Ina naɗewa, mita sittin ta zame min kamar hanyar Rybnik. Kaftin ya buga hon biyu, kowa ya janye, ni ina ta fama. Can wani abu fari ya juyo a ƙarƙashin ruwa, Teofil ya zura ƙugiyar hannu ya ɗago shi.

Ɗan madaidaici ne, bai kai rabin na Hilda ba. Amma jirgin nan sai da ya kusa kifewa. Teofil yana tsalle da ƙafarsa mai ciwo. Waɗanda ke gaba suka sheƙo a guje suna ihun sunana. Gerard, ƙaton da ko ranar da rami ya rufta mana bai zubar da hawaye ba, ya rungume ni yana kuka yana dukan bayana. Sai ga ƙofar ɗakin tuƙi ta buɗe. Kaftin Brunon da kansa ya fito, abin da ban taɓa jin ya yi ba, ya cire hula ya kama hannuna.

"Shekara takwas, Pan Alojzy," ya ce. "Na ɗauka zan sayar da jirgin nan ban gani ba."

Kowa ya tuna wa ke tsaye a gefena. Hilda ta dubi kifin, ta dubi mutane goma da suka sunkuyar da kai kamar 'yan makaranta, sannan ta dube ni.

"Shekara takwas ɗin me?"

Gerard ya buɗe baki. Na ɗaga masa hannu. Da kifina na gaskiya yana mutsu-mutsu a ƙafata, ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Shi ne na farko, Hilda. Teku kayar da ni take yi. Kullum a ƙasa nake wuni da bokiti. Waɗanda nake kawo miki, nasu ne."

Ta riƙe ƙugu. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske.

"Wato kifin Teofil nake soyawa ina yi wa ƙanwata alfahari?"

"Da nawa, Pani Hilda," in ji Gerard a hankali. "Nawa ne manyan."

"Kai yi min shiru, da kai za mu haɗu." Ta matso kusa da ni. "To kai kuma, sakarai, me ya kai ka? Ka bar gadonka ka zo ka yi wuni guda kana amai, shekara bayan shekara?"

"In ban shirya ba, ba mai shiryawa," na ce. "Tun da aka rufe ramin, wannan ranar ce kaɗai muke haɗuwa gaba ɗaya."

Ta ƙura min ido, na ga bakinta yana motsi, ban san faɗa ne zai fito ko dariya ba. Ban samu na gani ba, don a daidai nan cikina ya tuna da ni. Na kifa kan ƙarfen na ba teku abin da ban ci ba. Ina cikin haka na ji hannu mai ƙarfi ya damƙi bel ɗina ta baya, ɗayan ya dafa min goshi.

Kaftin ya riga ya koma ya juyo da jirgi. Na ji injin ya mutu, hon ya yi ƙara sau ɗaya. Na miƙe ina goge baki, na juya wajen matakalar ƙasa. Hannun nan bai saki bel ɗina ba.

"Ina za ka?" in ji Hilda. Ta ɗauki sandata ta danƙa min. "Shekara takwas ka yi a kwance, ya isa. Saki zarenka, tsoho, ina riƙe da kai."