Ƙarin Girman da Ya Ci Naira Ɗari Shida

Shekara uku Dabo yana gadin rumbun wani kamfanin sayen masara da waken soya a Birnin Gwari, ana biyansa a hannu kamar ɗan dako, naira dubu sittin da biyar duk ƙarshen wata, babu takarda babu sa hannu. Sai wata Litinin aka kira shi ofis aka miƙa masa wasiƙa mai hatimi. Daga ranar ya zama cikakken ma'aikaci, albashi dubu saba'in, kuma ta banki.

Dabo ba mutum ne da abin daɗi ke kwana a cikinsa ba. Kafin azahar mai shayin bakin tasha ya ji, kafin la'asar rabin unguwar Magajin Gari sun ji. Ya sayi zakara, matarsa Aminatu ta yi miya, maƙwabta suka zo suka ci suka yi addu'a, har da waɗanda ba a gayyata ba. Ya kuma ce wa Aminatu daga wata mai zuwa ta saki hannu a wurin manja, kada ta ji tsoron komai.

Ƙarshen wata yana zaune a bencinsa na bakin ƙofa waya ta yi ƙara. Dabo bai yi nisa a boko ba, amma in dai lambar kuɗi ce ko farfesa bai fi shi karatu ba. Ya duba, ya goge fuskar wayar da bakin riga, ya sake dubawa. Dubu sittin da huɗu da ɗari huɗu. Ya kashe wayar ya kunna, ko za ta dawo cikin hankalinta. Ba ta canza magana ba.

Ya wuce kai tsaye wurin Madam Rebecca, akantar kamfanin, wata Bagwariya mai tabarau da ta fi manaja sanin inda kowane buhu yake.

"Madam, wayata ce ta lalace, ko ku ne?"

"Malam Dabo, zauna tukuna. Fansho ne. Duk cikakken ma'aikaci ana cire masa takwas a cikin ɗari. Naka dubu biyar da ɗari shida. Kamfani kuma ya ɗora goma a cikin ɗari daga aljihunsa, dubu bakwai. A haɗa a aika Kaduna, a zuba a asusu mai sunanka. Sai ka tsufa ka ajiye aiki ka fara ci."

"To tsaya. Lokacin da ba ni da girma, ina kai wa gida sittin da biyar."

"Haka ne."

"Yanzu da na yi girma, ina kai sittin da huɗu da ɗari huɗu."

"Haka ne."

"Ashe girman nan ɗari shida ya ci mini, ban da zakara."

Rebecca ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce ba yanka ba ne, ajiya ce, kuma doka ce, ba ita ta ƙirƙiro ba.

"Madam, mu a nan mun san masu karɓar rabonsu tun mutum bai kai amfani gida ba," in ji Dabo. "Amma su aƙalla ana ganin fuskarsu."

Wannan karon ba ta yi dariya ba, don iyayenta a wajen Gwaska suke noma, ta san zancen harajin 'yan bindiga fiye da yadda take so. Ta mayar da tabaranta.

"To me kake so a yi?"

"A mayar da ni ƙarami. A ba ni kuɗina a hannu kamar da."

"Ana iyawa. Manaja zai zo Juma'a ta sama, sai ka sa hannu ka mayar da wasiƙar. Amma ka sani, in ka saki gurbin nan akwai mutum biyar da ke jiransa, kuma ba a bayar da shi sau biyu."

Dabo ya ce ya ji, ta ajiye masa biro.

A gida Aminatu ta saurari labarin tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Da ya gama ta ce, "To Malam, manjan da na riga na saki hannu a kansa, in je in kwaso shi daga tukunya?" Dabo ya yi kamar bai ji ba.

Wanda ya ɗauki maganar da muhimmanci shi ne Bappa, ƙanen mahaifin Dabo, tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai da ke zaune a ɗakin zaure tun shekarar da zaman daji ya gagara suka shigo gari. Bappa ya yi rayuwarsa duka a bayan shanu ta wajen Gayam, kuma duk abin da aka kawo masa, ko rediyo ne ko siyasa, sai ya mayar da shi saniya kafin ya fahimce shi. Ya sa Dabo ya maimaita bayanin sau biyu, sannan ya gyaɗa kai.

"Wannan ai kiwo ne aka ba wani. Ka kawo takwas, ubangidanka ya ƙara maka goma, an kora su Kaduna. To wa ke kiwon?"

"Ban san shi ba, Bappa."

"Ba ka san shi ba!" Tsohon ya dafe ƙirji. "Kai ɗan waye? Ana ba mutum kiwo a koma a kwanta? Ai zuwa ake yi. Ka ga dabbar da idonka, ka ga inda take kwana, ka kai wa mai kiwon ɗan ihsani, ka dubi ƙwayar idonsa. In idon yana rawa, ka koro abinka a ranar. Kada ka sa hannu a komai sai ka je."

Maganar ta shiga Dabo, don haka ya ga ana yi tun yana yaro. Ranar Laraba ta sati mai zuwa ya karɓi hutun kwana ɗaya, ya saka babbar rigar Sallah, ya karɓi adireshi da lambar asusu wurin Rebecca, ya hau gaban motar kamfani da ke kai masara Kaduna. A hannunsa kwalbar man shanu da zabuwa guda, ƙafafu a ɗaure. Rebecca ta kalli zabuwar, ta girgiza kai.

Ofishin fanshon gini ne mai gilashi, sanyi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Mai gadin wurin ya ce ba a shiga da tsuntsu. Dabo, da yake shi ma sana'arsa ke nan, bai yi gardama ba. Ya zagaya bayan gini, ya cusa zabuwar a cikin babbar riga ya matse ta da hammata, ya dawo ya gaida mai gadin da ladabi ya wuce.

Aka kai shi teburin wani saurayi mai lakataye, Benjamin, mai Hausa tas kamar a Tudun Wada aka yanke masa cibiya.

"Sannu da zuwa, Malam. Me za a yi maka?"

"Na zo ganin kayana."

Benjamin ya buga lambar, ya juyo masa da fuskar kwamfuta. Ga sunan Dabo, ga dubu goma sha biyu da ɗari shida. Dabo ya daɗe yana kallo. Gaskiya ya ji wani abu ya motsa a ransa, don bai taɓa ganin sunansa a gilashi ba. Amma ba wannan aka aiko shi ba.

"Na ga hoto. A fito mini da su in gani."

"Kuɗin? Ai ba a nan suke kwana ba, Malam. Mu muke juya su, wani kamfani daban ke riƙe da su. Doka ta raba, don kada mai juyawa ya zama shi ne mai riƙe makulli."

Dabo ya auna maganar a ransa. Mai kiwo daban, mai shinge daban. Wannan dabara ce, ya yarda, amma bai nuna ba.

"Suna haihuwa?"

Sai a nan Benjamin ya gane da wa yake magana. Ya gyara zama.

"Suna haihuwa. Wata shekara da yawa, wata shekara kaɗan. Ba zan ɓoye maka ba, tsadar kaya ma tana shan jininsu kamar kaska. Amma duk wata ana ƙaro sababbi."

"In kamfani ya kore ni?"

"Naka ne, suna nan da sunanka. In ka sami wani aikin a ci gaba da zubawa a ciki."

"In na mutu?"

"Magadanka."

"In ɗiyata za ta yi aure baɗi, in zo in kama ɗaya in sayar?"

"A'a. Wannan kam babu."

"To wane irin kiwo ne wannan, mai abu ba ya taɓa abinsa?"

Kafin Benjamin ya amsa, zabuwar da ta gaji da zaman hammata ta saki kuka. Duk wanda ya san zabuwa ya san ba ta iya ƙaramar murya ba. Wata mata mai jiran layi ta yi tsalle ta bar takalmi ɗaya. Mai gadi ya leƙo, suka haɗa ido da Dabo, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya yi. Dabo ya zaro tsuntsuwar cikin natsuwa ya ɗora a kan tebur, ya ajiye kwalbar man shanu a gefenta.

"Ga ɗan ihsani. A riƙa duba mini su da kyau."

Benjamin ya yi dariya har da hawaye, ya yi godiya, ya ce wallahi ba zai iya karɓa ba, aikinsa zai tafi. Ya buga masa takardar asusun ya miƙa masa da hannu biyu, ya rako shi har ƙofa.

A hanyar dawowa Dabo ya yi ta tunani har suka wuce Buruku. Abin da ya dame shi shi ne ƙin karɓar nan. A saninsa, mai kiwon da ya ƙi kyauta ko dai waliyyi ne, ko kuma ya riga ya ƙoshi da abin da ke cikin garken. Idon yaron bai yi rawa ba, gaskiya ne. Amma takarda ba ta ba da nono, kuma shekarun da suka rage masa kafin ya taɓa kuɗin nan sun yi masa nisa kamar Makka a ƙafa. Kafin su shigo gari ya yanke shawara: jibi zai sa hannu ya koma ƙarami.

Washegari da la'asar ya zauna a tsakar gida yana ba Bappa rahoto. Zabuwar tana ɗaure a turmi tana hararar kowa, Aminatu kuma tana gyaran wake a tire.

"Ka gansu?"

"Na ga sunansu."

"Mai kiwon fa?"

"Yaro ne. Ya ƙi zabuwa."

Bappa ya ja tsaki, ya ce duniya ta lalace. Ya karɓi takardar ya riƙe ta a juye, ya shafa, ya sansana.

"Kuma ya ce ko kai ba ka isa ka kamo ɗaya ba?"

"Ko ni, Bappa. Sai na tsufa. Shi ya sa gobe zan mayar musu da wasiƙarsu."

"In kai ba ka isa ba, wani fa? In an zo da yawa, da babura?"

"Babu abin da za a kora, Bappa. Ba a wuri ɗaya suke ba, ba su da igiya."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Aminatu, ke ce mai lissafi. In ana cire takwas a cikin ɗari, a cikin saba'in da biyar nawa za a cire?"

Ta taɓa yatsu a gefen tire. "Shida, Bappa."

Sai a lokacin Dabo ya gane lambar. Shanu saba'in da biyar ne 'yan bindiga suka kora daga rugar Bappa a yini ɗaya, tsakanin hantsi da azahar, shekara bakwai da suka wuce. Tun daga ranar tsohon bai ƙara faɗin adadin da bakinsa ba sai yau.

"Shida," in ji Bappa. "Da wani ya zo a lokacin ya ce zai raba ni da shida ya kai inda ko ni ba na iya taɓawa, da na fasa masa kai da sanda. Da na bi shi har kotu." Ya yi 'yar dariya. "Kuma da yau da shanuna nake zaune, Dabo. Da ba a kwanonka nake cin tuwo ba."

Aminatu ta daina tsintar wake. Kunya da tausayi suka kama Dabo. Ya so ya ce ai kwanon na Bappa ne, ai shi ya raine shi, amma ya san ba wannan tsohon ke son ji ba.

Bappa ya ninke takardar gida huɗu, a hankali, ya miƙo masa.

"Gobe ka je aiki ka zauna a bencinka. In matar nan ta kawo maka biro, ka ce hannunka na ciwo."