Tayil a Kan Matmura

Da aka gama yankan riɗi, Ya'u direban tarakta ya dawo Gadarif da kwalayen tayil da kan shawa. So yake uwarsa Nagoggo, wadda gwiwa ta hana ɗaukar bokiti, ta riƙa murɗa famfo kawai ta yi wanka.

Matarsa Hannatu ce ta ce ba ta yarda ba. Ɗakin wankan a kan tsohuwar matmura yake, ramin da ake ajiye dawa a da. An rufe shi da katako, aka shafe da siminti sama-sama. Duk ranar da ta taka tsakiyarsa, sai ta ji ƙasa ta lotsa.

Ranar da magini, usta Ɗantsoho, ya zo shimfiɗa tayil, ya tarar da ita zaune a bakin ƙofar, ta miƙe ƙafa.

"Hannatu, ba usta hanya," in ji Ya'u.

"Ba zan tashi ba, Baban Asiya."

"Tun ina yaro ake wanka a nan!"

"Da kana yaro katakon ma yaro ne."

Ɗantsoho ya tuntsire da dariya. "Ya hajja, tayil zai rufe komai. Halas, shi ke nan."

"Abin da nake tsoro ke nan, usta. Yanzu simintin ya tsage, ina ganin tsagar ina kauce mata. In kun rufe, Inna za ta taka ba ta sani ba."

Ya'u ya fusata. A gaban baƙo! Ya ce a yau za a yi aikin, ko ta so ko ta ƙi. Amma Hannatu ba ta janye ƙafa ba.

"To ɗauko Inna ka goya ta, ku tsaya a tsakiya ku biyu. In ka yi haka, ni da kaina zan kwaɓa simintin."

Nagoggo na kan tabarma tana jin su. Ta miƙa wa ɗanta hannu biyu. "Zo, Ya'u, ɗauke ni."

Ya kalli hannuwan nan, ya kalli ɗakin. Bai motsa ba.

Can ya nisa. "Usta, tsakuwa tirela nawa za ta cika ramin?"

"Sai mun fasa mun gani. Kuma sai an sa rodi."

"A fasa."

Sai a lokacin Hannatu ta tashi, ta shiga ɗaki ta ɗauko musu diga.