Rigar da Auta Bai Sa Ba

Garzali na tsaye gaban teburin ɗan sandan, gumi ya jiƙa takunkumin fuskarsa, yana harhaɗa Larabcinsa na tsince-tsince.

"Na zo janye magana ne, ranka ya daɗe. Ƙanena ne, ciki ɗaya."

Ɗan sandan bai ko ɗago ba. "Khalas, an gama. Ta bar hannunmu, tana wurin masu gabatar da ƙara."

*

Garzali ne ya kawo ƙanen nasa, Auta, Doha. Shi ya raba masa katifa a ɗakinsu na unguwar Najma, ya nuna masa inda ake hawa jirgin ƙasa. Ya yi shekaru yana gadin kanti a Al Mirqab, ƙafa har ta kumbura, sai ga yaron da ya goya an zaɓe shi cikin direbobin da za su ɗauki manyan baƙi idan Kofin Duniya ya zo. Har riga aka ba shi, ya rataye ta a ƙusa cikin ledarta. Inna kuwa duk saƙon muryar da za ta aiko daga Gusau, da "Ina Autana?" take farawa. Shi sai can ƙarshe, kamar wanda aka tuna a bakin ƙofa.

Da korona ta kama Auta, hukuma ta ce kada ya fita. Rannan da la'asar Garzali na dawowa daga aiki ya hango shi yana tsallaka titi da ƙullin leda a hannu. Ya laɓe bayan shagon canji ya buga wa 'yan sanda waya.

A ransa, su ɗan girgiza shi ne kawai, ya kwana a caji ofis, ya tuna yana da wa. Gobe a je da dattijo a ba da haƙuri, a kashe magana kamar yadda ake yi a gida.

Da ya hau sama bayan an tafi da yaron, ya tarar da ledar a kan matashinsa. Maganin gyambon cikinsa ne da ya ƙare, shi Auta ya fita sayo masa.

*

Alhaji Sabo, dattijon da 'yan gida ke kai wa ƙorafi, ya girgiza kai.

"Wa zan ba haƙuri, ɗan nan? Ɗan sanda ya miƙa wa mai gabatar da ƙara, shi ya miƙa wa alƙali. Kowa da ƙofarsa, kuma ba mai komawa baya. Kai dai Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya kai shi."

"Amin," in ji Garzali.

Ya yi zarya kotun farko, ya yi zarya kotun ɗaukaka ƙara. Hukunci bai sauya ba. Kamfani ya ce ba ya aiki da mai tabon kotu, ya soke wa Auta biza.

A filin jirgi Auta ya rungume shi. "Yaya, ka sha wahala a kaina. Rigar nan ka riƙe, ni me zan yi da ita a Gusau?"

*

Ranar buɗe gasa, Najma ta cika da tutoci da hon ɗin motoci. Garzali na zaune shi kaɗai, wayarsa ta yi ƙara.

"Garzali, ɗan albarka," in ji Inna. "Auta ya faɗa mini duk tsayuwar da ka yi masa."

Karo na farko ke nan da ta fara da sunansa. Ya ɗaga kai. Rigar na nan a ƙusa, ƙura ta rufe ledar.